Ranar da Eufemia Ta Tsayar da Tambulan

Duk wanda ya taɓa kwana da giya a cikinsa a unguwar Chilca ya san rumfar Eufemia Canchanya. Tana nan bakin ƙofar kasuwa, tsakanin mai sayar da saiwoyi da mai gyaran rediyo, da ƙatuwar tukunyarta da benci biyu. Romon tsohuwar kaza take sayarwa, da taliya da dafaffen ƙwai da dankali, kuma mazan garinmu Huancayo sun yi imani babu abin da ke wanke kan wanda ya sha ya yi tatul irin romon nan. Kafin gari ya waye za ka gan su jere, ido jawur, kowa ya cusa kai cikin kwanonsa, ita kuma tana tsaye a kansu da ludayi tana zazzaga musu masifa.

"Kai Crisanto, ji fuskarka kamar tsohuwar tayar da ka gaji da yi wa faci. Matarka ta san inda ka kwana? Sha maza ka ba mutane wuri."

Su yi dariya, su sha, gobe su dawo. Ba wanda ya taɓa ce mata, to ke fa Mama, mene ne a cikin kofin tangaran ɗin nan da ba kya rabuwa da shi? Sun sani sarai. Mu ma da muke da rumfuna a layin mun sani, muka ja bakinmu muka yi shiru shekara da shekaru, muna kiran abin mutunta babba. Ni dai har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don tsoron bakinta ne kawai ya hana mu, babu wani mutunci a ciki.

Tana 'yar budurwa aka sauko da ita daga ƙauyensu na kan tsauni, ta zo figar kaji a wurin gwaggonta. Wanda bai taɓa tsoma hannu cikin ruwan famfon garin nan da asuba ba, ba zai gane ba. Yatsunta suka tsattsage, tana figa tana kuka. Gwaggon ce da kanta ta miƙa mata ɗan ɗumi, shayin nan namu mai lemun tsami da zuma da barasar rake, ta ce sha ki daina min kuka a kan kaji. Ta sha, sanyin ya sake ta, kuma daga ranar ba ta ƙara fita aikin asuba ba tare da shi ba.

Daga baya ta auri Teófilo, kwandastan mota, wanda shi nasa shan a fili yake yi, da waƙa da faɗuwa a kwata. Gari ya yi ta tausaya mata, baiwar Allah, ta haɗu da mashayi. Da ciwon hanta ya kashe shi, a wurin zaman makoki aka kewaye ta ana ba ta haƙuri, kuma abin da aka ba ta haƙurin da shi tambulan ne cike da giya. Ita kaɗai ta rene 'yarta Nélida da ludayin nan, ta sa ta a makaranta, ta aurar da ita ga wani direba mai suna Wilmer. Da aka haifi Mili, jikarta ta fari, Eufemia ta saƙa majanyi sabo mai ja da kore, ta ce ba mai goya yarinyar nan sai ita.

Haka aka yi kuwa. Nélida na aiki a masaƙar rigunan sanyi, yarinya na wuni a bayan kakarta, har ta saba da ƙanshin romo. Sai bikin Santiago ya zo, lokacin da ake ɗaura wa shanu ƙyalle a kunne, gari ya cika da masu busa da masu rawa layi-layi. Eufemia ta rufe tukunya da wuri ta bi ayarin 'yan ƙauyensu da Mili a bayanta. Ka san yadda muke sha: kwalba ɗaya, tambulan ɗaya. Na gefenka ya miƙo maka, ka tsiyaya, ka shanye, ka yarfar da kumfar a ƙasa, ka miƙa wa na gaba. Ba a tsallake kowa, kuma ba a riƙe tambulan a bar mutane suna jira. Ranar tambulan ya yi ta zagayowa kanta har ta daina lura.

Da ta farka, rana ta kusa faɗuwa, tana jingine da wata katanga kusa da gada, takalminta ɗaya babu. Ta kai hannu baya ta ji majanyi a sake, ba komai a ciki. Waɗanda suka ji ihun da ta yi sun ce sun ɗauka mota ce ta take wani.

Yarinyar ba ta ɓata ba. Wata mai gasa masara ce ta ga tsohuwar ta sulale tana neman danne goyon, ta kwance yarinyar, ta riƙe ta har Wilmer ya zo yana cigiya. Nélida ba ta yi zagi ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta karɓi majanyin daga hannun uwarta ta ninke, ta ce, "Mama, daga yau ko yatsanta ba za ki ƙara taɓawa ba." Ta cika maganarta kuwa. Mili ta yi rarrafe, ta tashi, ta fara gwaranci, kakarta na hangen ta daga tsallaken titi.

Eufemia ta rantse ta bari. Ta bari ɗin, ta koma, ta sake rantsuwa, ta sake komawa, tana cewa ai sanyi ne, ai ɗan kaɗan ne. Ana haka gashin Mili ya yi tsawo ya cukurkuɗe, don ba a taɓa sa masa almakashi sai ranar askin fari, ranar da dangi ke taruwa kowa ya yanki tukku ɗaya ya ajiye wa yarinya kyauta. Aka sa rana bayan damina. Nélida ta zo rumfa, ta tsaya daga nesa kamar baƙuwa.

"An sa ranar askin Mili. Kina so ki riƙe almakashi?"

"Tambaya kike? Jikata ce fa!"

"To ki bari. Bari na gaskiya, ba irin naki ba. In na ji warin ko ɗigo ɗaya a bakinki, ko ƙofar gida ba za ki tsaya ba."

Daga nan Eufemia ta shiga neman inda ake barin giya, kuma a nan ne ta gano garin da ke da shagon giya a kowace kusurwa ba shi da wanda zai nuna maka ƙofar fita. Ta fara da fada, limamin cocin unguwa. Ya saurare ta yana duba agogo, ya ce ta yawaita addu'a, ta rage.

"In rage? Fada, gishirin miya ne da zan rage?"

Ta je asibitin unguwa, aka ce likitan irin wannan sai wata-wata yake zuwa, da safe kuma, lokacin da tukunyarta ke tafasa, kuma layinsa ya riga ya cika. Maƙwabciyarta mai saiwoyi ta ba ta wani gari mai ɗaci, ta yi ta amai har ta kasa tsayuwa, da cikinta ya lafa abin da ta fara nema shi ne kofin tangaran. Ta ga wata lambar waya a jikin turken lantarki, a tsakanin tallan ɗakin haya da na masu haɗa soyayya, an rubuta ana raba mutum da giya. Ta kira. Wani mai kaurin murya ya ce, "Wa za a ɗauko? Ki ba mu kwatancen gidan, za mu zo da mota da ƙarti, kar ki gaya masa. Wata uku a kulle, a aske shi, zai dawo kamar ɗan rago." Ta ce masa ya je ya aske uwarsa, ta kashe wayar.

Wata safiya tana zuba romo sai ta tuna da Crisanto mai faci. An daɗe ba ta gan shi a bencin asuba ba. Yanzu da rana yake zuwa, da wankakkiyar riga, wani lokacin ma da matarsa. Mutumin da ta sha zuba wa ruwa a ka don ya farfaɗo! Da la'asar ta rufe rumfa ta same shi a shagonsa yana tsoma tiyub cikin baho yana neman huda.

"Kai, me aka yi maka? Ka shiga cocin 'yan tafi ne?"

"A'a Mama. Taro nake zuwa. Mu ne dai mashayan, muke haɗuwa muna riƙe juna."

"A ina?"

Ya nuna sama da haɓarsa. Benen da ke kan shagonsa, wata 'yar ƙofa shuɗiya a gefe, wadda ta yi shekaru tana wucewa ta gabanta da kwandon kaji. Ko allo babu, sai wata 'yar alama da ba ta kai tafin hannu ba.

"Kullum da faɗuwar rana," in ji shi. "Wa za ki kawo? Wilmer ne ya fara?"

"Kai dai an yi sakarai. Wilmer ko ruwa sai ya tambayi matarsa."

Ya ɗago ya dube ta, ya gane ita ce da kanta, ya mai da kansa cikin baho. "Matakalar da duhu, ki riƙe bango," ya ce.

Ta hau ranar. A saman matakala wani dogo mai tabarau, wanda ke tarbar baƙi, ya tare ta da fara'a.

"Sannu da zuwa, Mama. Na matan mashaya ranar Alhamis ne, a ɗakin can na ƙasa. Ku kan zauna ku rage wa juna zafi."

"Matan wa?"

"Matan da mazansu ke sha. Ko ɗanki ne?"

Daga cikin ɗaki wani ya ce, "Ai Mama Eufemia ce mai romo. Mijinta ya daɗe da rasuwa."

"To Allah ya ji ƙansa," in ji mai tabarau. "Amma duk da haka Alhamis ɗin za ta yi miki amfani."

Abin da ta tara tun daga ofishin fada, a kansa ta sauke. Ta ture shi ta shiga. Maza ne zaune a kujerun roba, rabinsu ta san yadda suke amai.

"Ku dube ni da kyau! Kai, ba kai ne ka yi fitsari a bencina ba? Kai kuma na sha ɓoye ka a bayan tukunya matarka na nemanka da taɓarya. Kullum kuna gabana, kuna kallon kofina, yau don na hawo bene sai ku ce in je in yi kukan miji? Maƙogwaron mace ba rami ba ne? Na sha abin da ya fi na ukunku a haɗe, kuma ban taɓa makara wurin hura wuta ba!"

Crisanto ya tashi ya jawo kujera ya goge ta da hannun rigarsa. Wani ya miƙo mata gahawa a kofin roba. Ta duba ta ga kowa riƙe da nasa.

"Kowa da kofinsa, kamar masu tarin fuka," ta ce. Amma ta zauna.

Tsarinsu shi ne magana ta zagaya. Kowa ya faɗi sunansa, ya ce ni mashayi ne, sannan ya faɗi abin da ke cin ransa, sauran su yi shiru har ya gama. Da aka zo kanta ta ce, "Ni Eufemia ce mai romo, kun san ni." Aka jira sauran, ba ta ƙara ba, ba wanda ya matsa mata. Washegari ta dawo, da jibi, da gata, kullum maganar ke nan, Eufemia mai romo. Waccan kalmar ta mashayi, ta ce ta 'yan kwata ce, ita mai sana'a ce.

Makonnin farko mu muka sha wahalarsu. Ta fasa kofin tangaran da kanta a bakin kwata. Romo na zube mata a gefen kwano, gishiri yau ya yi yawa gobe babu, ta yi faɗa da mai kaji, ta yi da mai gas, ta kori wani ɗan sanda daga benci don ya ce taliya ta dahu da yawa. Da asuba, lokacin da sanyi ke shiga ƙashi, sai ka gan ta rungume da tukunya tana zagin wanda ba ka gani. Amma rana na faɗuwa za ta ɗaura malafarta ta nufi ƙofa shuɗiya. A hankali kumburin fuskarta ya saɓe, ta fara cin abinci. Har wata mata mai sayar da furanni ta biyo ta taron, da ta ji akwai mace a ciki.

Da ranar aski ta matso, ta tambaye su yadda suke yi da tambulan in ya zagayo kansu a biki. Mai tabarau ya ce shi ya daina zuwa biki kwata-kwata, har ƙannensa sun yi fushi. Wani ya ce cewa yake yi ana masa allura, likita ya hana. Crisanto ya ce shi da ya ga kwalba ta doso sai ya tashi kamar fitsari ya matse shi.

"Wato ku gudu ko ku yi ƙarya," in ji ta. "Askin jikata ne, ba zan ɓuya a bayan gida ba."

"To Mama, in ya yi zafi ki taho nan," in ji Crisanto. "Ƙofar a buɗe take."

Uban askin da aka zaɓa shi ne Don Hilarión Huaroc, mai manyan motocin da ke kai dankali babban birni Lima, kuma ɗaya daga cikinsu Wilmer ke ja. Wanda ya karɓi zama uban askin ɗanka ya zama ɗan'uwa har mutuwa, shi ya sa ake neman mai hannu da shuni. Shi ya kawo masu busa, shi ya jibge akwatunan giya a tsakar gida har sun kai tagar ɗaki.

Eufemia ta zo da bujenta na biki da malafa mai fure, da 'yar tunkiya da ta saya wa Mili. A bakin ƙofa Nélida ta rungume ta, rungumar da ba ta gaisuwa ba, ta sa hanci kusa da bakinta ta shaƙa. Tsohuwar ta ji abin har cikin ranta, amma ta haɗiye.

"Shiga," in ji Nélida.

An tone naman da aka gasa a rami, ƙanshi ya cika gida. Aka zaunar da Mili a kan bargo a bisa tebur, an ɗaɗɗaure gashinta tukku-tukku da ƙyallaye masu launi, tana zare ido tana tsotsar alewa. Don Hilarión ya yanki tukkun farko aka yi tafi, sai matarsa, sai iyayen Wilmer. Kowa kafin ya karɓi almakashi sai uban aski ya cika masa tambulan da hannunsa, ya shanye don lafiyar yarinya. Haka ake yi tun kakanni, kuma Eufemia ta fi kowa sani. Aka kira sunanta, ta matso. Rabonta da tsayawa kusa da yarinyar haka tun ranar gada, har tana jin ƙanshin sabulun da aka yi mata wanka da shi.

Don Hilarión ya cika tambulan har kumfa na zuba a yatsunsa, ya miƙo.

"Na gode, Don Hilarión. Ba na sha."

Gidan ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Mama Eufemia ba ta sha? To ni ma ba na numfashi!"

"Kakar yarinya ce ke," in ji Don Hilarión yana murmushi. "Da hannuna fa na zuba."

"To kawo in zuba wa ƙasa, ta sha a madadina."

"Ƙasa ta sha nata tun da safe. Wannan naki ne." Murmushin ya fara gushewa. "Ko hannuna ne da datti?"

Masu busa suka sassauta. Tambulan na tsaye a iska, dangin da ke layi a bayanta suna jira, don ba mai sha sai ta sha. Wilmer ya yi fari fat, yana kallon ubangidansa yana kallon matarsa. Sai Nélida ta matso ta kama gwiwar hannun uwarta, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, don Allah. Ɗan kurɓa kawai. Jiƙa leɓe ki miƙa. Kar ki kunyata mu a gabansa."

Eufemia ta juyo ta dube ta. Wallahi da mari aka yi mata da bai kai wannan ba.

"Me kika ce?"

"Yau kaɗai. Aikin Wilmer ne, Mama."

"Ke? Ke da kika shinshina bakina a ƙofa kamar ana duba ruɓaɓɓen kifi?" Muryar da take kiran masu ciniki da ita daga ƙarshen layi, ita ta fito. "Kin hana ni jikata saboda tambulan, yanzu kuma ba za a ba ni ita ba sai na sha tambulan? Wanne zan ɗauka? Ku gaya mini, ku da kuke tsaye kuna washe baki! Rabinku kuna wurin ranar Santiago. Kuna ganin goyo a bayana kuka yi ta miƙo mini, ba wanda ya ce ya isa. Da na faɗi kuka tsallake ni kuka ci gaba da rawa, washegari kuka yi ta yawo da ni a baki!"

"Mama, ya isa," in ji Nélida, hawaye na zubo mata.

"Bai isa ba. Don Hilarión, hannunka ba shi da datti. Ni ce mashayiya. Kun ji? Ni Eufemia, mashayiya ce. Babu ɗan kurɓa a wurina. In na jiƙa leɓe yau, jibi a kwata za ku tsince ni, kuma ku ɗin nan ne za ku ce ai da ma mun sani."

Don Hilarión ya dire tambulan a tebur har giya ta fantsama a bargo. Ya ce shi ba a taɓa mayar masa da hannu a gaban jama'a ba, a ba shi malafarsa. Maza suka taso suna ba shi baki, Wilmer na biye da shi yana roƙo. Mili ta tsorata ta fashe da kuka tana miƙa hannu, ba kakarta take miƙa wa ba, ba ta ma san ta ba. Almakashin na kan faranti, kusa da hannun Eufemia. Ta dube shi, ta dubi fuskar 'yarta, ta juya ta fita, ba wanda ya ce ta dawo.

Tsakanin gidan da shagon Crisanto akwai mai sayar da ɗan ɗumi a bakin gada, tukunyarta na tururi. Eufemia ta tsaya a gabanta. Ta ce a ranta, to don wa kuma? An aske yarinya ba da ita ba, 'yarta ba za ta ƙara kallonta ba. Matar har ta ɗauko kofi ta fara tsiyayawa. Abin da ya ja ƙafarta daga wurin, ta faɗa daga baya, ba wani ƙarfin hali ba ne, baƙin ciki ne kar mutanen gidan can su ce ga shi nan mun faɗa.

Ta hau bene da bujen biki da fure a malafa, an riga an fara. Ta zauna tana huci. Da magana ta zagayo kanta ta ce, "Na riga na faɗa yau, a gaban surukai da masu busa. Ba zan maimaita muku ba." Sannan ta rufe fuska da malafar ta yi kuka mai sauti, suka bar ta ta yi. Mai furanni ce ta raka ta gida ta kwana a wurinta.

Washegari ta hura wuta a kan lokaci. Gari ya fara haske, benci ya cika, har da wasu daga cikin 'yan bikin jiya da suka zo wanke kai ba kunya, tana zuba musu romo. Sai ga Nélida ta ratso layi, ido a kumbure, da Mili a bayanta sanye da hular ulu.

"Kar ki yi mini magana," in ji Nélida. "Har yanzu haushinki nake ji. Don Hilarión ya ce ba zai ƙara taka gidanmu ba. Wilmer bai san ko zai ba shi makullin mota ba."

"To me ya kawo ki? Romo kike so?"

Nélida ta sauko da yarinyar ta tsayar da ita a kan benci, ta cire mata hula. Kan an aske shi tas, sai tukku guda a ƙeya, ɗaure da jan ƙyalle.

"Surukata ta so ta yanke, na hana. Na manta almakashin a gida."

Eufemia ta tsaya da ludayi a hannu. Ta ajiye shi, ta ɗauko almakashin da take yanka kaji da shi, ta wanke da ruwan zafi da sabulu, ta sake wankewa, ta goge a gefen bujenta. Mazan benci suka daina sha. Ta dafa kan yarinyar, Nélida ta riƙe mata wuyan hannu, sannan ta yanke. Mili ta waiwayo ta dubi tsohuwar, ta kai hannu ta cafki furen malafarta.

"Goyo kuwa da saura," in ji Nélida. "Kar ki ma tambaya."

"Na tambaye ki ne?" Eufemia ta cusa tukkun a cikin rigarta, ta juya ga mazan. "Ku kuma me kuke kallo? Kai, matsa can, jikata za ta zauna."